Mutanen Ikko, Ku Fito Mu Taka Bakin Teku

Jama'ar Agege, jama'ar Mile 12, mutanen Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago. Da ku nake. Cikinku akwai wanda ya shekara goma a garin nan, akwai mai shekara talatin, akwai ma wanda a nan aka yanke masa cibiya, amma in aka ce ya faɗi yadda teku yake da sassafe sai ya yi shiru. Jihar Legas tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 180, tun daga wajen Badagry a iyakar Jamhuriyar Benin har gabas inda ta haɗu da Jihar Ogun. Ɗan'uwanka na Gusau zai bugo waya ya ce, "Yaya, wai da gaske ne ba a hango ƙarshen ruwan?" Kai kuma iyakar ruwan da ka sani shi ne wanda kake leƙawa ta tagar danfo a kan gadar Third Mainland, cikin cunkoso, gumi yana tsiyaya. Wannan ma ba shi ne tekun ba, tafkin da ke bayan gari ne.

To, kiran nan na fitowa ne. Ba na gudun famfalaƙi ba, ba na sayen takalmi mai tsada ba. Mutum ya sa silifas ɗinsa ko sau-ciki mai laushi, ya riƙo hannun ɗansa, ya je inda iska take kaɗawa ya yi tafiyar rabin awa. Akwai wuraren, wasu a bakin ruwa, wasu a cikin lambunan gwamnati, kuma da yawansu tsoho mai sanda ma zai iya takawa.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, mu da kullum a ƙafa muke?" Gaskiya ne. Ɗan garuwa mai tura jarka goma, da ɗan dakon da ke sauke kwandunan tumatir tun kafin asuba, da mai wankin takalmi mai zagaya unguwa yana ƙwanƙwasa akwatinsa, ba su bukatar wani ya koya musu tafiya. Su abin da suka rasa shi ne inuwar da za su zauna ba a kore su ba. Amma ku dubi sauranmu. Ɗan canji yana kan benci daga hantsi har magariba. Mai shago bai fi taku goma tsakanin kujerarsa da kanta ba. Direban tirela yana kwana uku a layin Apapa a zaune. Alhajin da Allah ya buɗa wa, daga mota sai ofis, ko masallacin layinsu ma da mota yake zuwa. Sai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba, matanmu, waɗanda ke wuni a ɗaki ɗaya da tsakar gidan haya mai ɗan kwararo, yara suna kaiwa suna komowa a tsakanin risho da bokiti. A cikin waɗannan ne hawan jini da ciwon suga suke yin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma tafiya da ɗan sauri tana cikin lissafi. Minti talatin ke nan a kwana biyar. Wanda ya taɓa biyan kuɗin maganin hawan jini na wata guda ya san wanne ya fi araha.

Mu fara da na kusa. Mutumin Agege ba sai ya ƙetare gari ba. A Alausa, kusa da sakatariyar gwamnatin jiha, akwai lambun Johnson Jakande Tinubu da aka buɗe a 2017, ga kuma lambun Ndubuisi Kanu ba nisa da shi. Ciyawa ce shimfiɗe, da hanyoyin ƙafa masu daɓe, da wuraren zama, da wajen wasan yara. Jirgin ƙasa na jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tsayawa a Agege yana tsayawa a Ikeja. Daga tasha sai ɗan gajeren hawan mota. Da kuɗin harajin da ake karɓa a kasuwanninku ake ban-ruwan ciyawar nan, ta hannun hukumar kula da lambuna ta jihar, LASPARK, da aka kafa a 2011. In ba ku je ba, kun biya wa wasu ne.

Mutanen Obalende da Ikoyi kuma suna da gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013. Tsawonta kilomita 1.36, akwai hanyar ƙafa a gefe, ruwa a ƙarƙashinka, iska tana buɗa maka riga. Ka je bayan sallar asuba ka ga yadda ma'aikatan banki da 'yan fim suke cika ta da gudu da tafiya. Ka ƙetare ka dawo, ka yi kusan kilomita uku, rana ba ta gama fitowa ba. 'Yan canjin Broad Street da 'yan kasuwar Balogun su ma ga Freedom Park a bakin hancinsu. Tsohon gidan yarin Turawa ne, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, aka mayar da shi lambu a 2010 lokacin bikin cika shekara hamsin da samun 'yanci. Ƙarami ne, amma akwai itatuwa, kuma da zarar ka shiga ƙofa hayaniyar kasuwa take raguwa.

Wanda yake son ya ga yadda ƙasar Legas take kafin siminti ya cinye ta, sai ya nufi Lekki Conservation Centre a kan titin Lekki zuwa Epe. Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ce ta kafa shi a 1990, a kan fili mai hekta 78. A lokacin daji ne ko'ina a yankin. Yau benaye sun yi masa zobe, shi kaɗai ya rage. Fadama ce mai ruwa da laka, saboda haka aka shimfiɗa gadar katako a kanta, mai tsawon kusan kilomita 2, tana karkacewa cikin tukurwa da manyan itatuwa. Ba hawa, ba gangara. Kana tafiya katako yana amsa sawunka, ruwan da ke ƙarƙashi baƙi ƙirin saboda ganyen da ya ruɓe a ciki, hasken rana yana saukowa tsilli-tsilli. Ba za ka yi nisa ba birai za su tare ka. Suna zama a kan makarin gadar, wutsiya a rataye, uwa da jariri manne a cikinta, ido a kan hannunka. Duk wanda ya shigo da ayaba ko biskit a leda, ya yi sallama da su tun daga ƙofa, domin kafin ya waiga an fizge. Yaron da bai taɓa ganin biri ba sai a waya zai yi wata yana ba da labarin nan. Akwai kunkuru, akwai ɗawisu a farfajiya, a can ƙarshe kuma akwai buɗaɗɗen fili da rumfuna inda iyali za su baje tabarma su ci abin da suka zo da shi.

A nan ne kuma aka rataya gadar sama da ake ta ɗaukar hoto a kanta, mai tsawon mita 401, wadda ƙololuwarta ta haura mita 22 daga ƙasa. Tana lilo, kuma mai jiri ba shi da abin nema a kanta. Ba dole ba ce. Samari su hau su gwada zuciya, dattawa da masu goyo su tsaya a ta ƙasa, ba abin da suka rasa. Ana biyan kuɗin shiga, na gadar sama daban. In nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa, to ina amfanin ƙungiya? Masu adashi, 'yan majalisar shayi, makarantar Islamiyya, kowa zai iya haɗa kuɗin mota guda sau ɗaya bayan Sallah.

Amma in za a ce in zaɓi tafiya ɗaya da ya kamata kowane Bahaushen Legas ya yi kafin ya koma gida, Badagry zan ce. Daga bakin ruwan garin ake shiga kwale-kwale a ƙetara zuwa tsibirin Gberefu, 'yan mintoci kaɗan. Daga nan sai ƙafa, a kan hanya mai rairayi da ta ratsa tsibirin ta cikin itatuwan kwakwa har bakin Tekun Atlantika, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba ga mai tafiya a hankali. Hanyar bayi ce. Ta nan ake kora mutane a ɗaure zuwa inda jirage suke jira. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da masu yi wa baƙi jagora suke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta da gida. Tun kafin ka ga tekun za ka fara jin rurinsa, rairayi yana ƙara laushi yana riƙe ƙafa, sai kawai itatuwa su ƙare, ruwa ya buɗe a gabanka ba iyaka.

Kada wani ya ce wannan tarihin wasu ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, Hausawa da yawa sun faɗa hannun fataken bayi, aka gangaro da su tashoshin wannan gaɓa, Legas da Badagry da Porto-Novo da Ouidah, aka ƙetara da su Bahiya ta ƙasar Brazil. A can ba su kwanta ba. Hausawa ne a gaban shirin tawayen da aka tona a 1807, su ne kuma a gaba a tawayen 1814. Da Musulmin birnin Salvador na can Bahiya suka tashi a watan Ramadan na 1835, akasarinsu Yarabawa, akwai Hausawa a cikinsu, kuma an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Daga Badagry ɗin nan ne kuma Bature Hugh Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825, ya bi ta ƙasar Yarabawa ya isa Kano, ya ƙarasa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can Baturen ya rasu a 1827. Hanya tsakanin bakin tekun nan da ƙasar Hausa tsohuwa ce, kuma da ƙafa aka yi ta. Ka kai ɗanka ya tsaya a wurin, ka gaya masa wannan da bakinka, ku yi wa waɗanda aka wuce da su addu'a. A kan hanyar dawowa ku leƙa benen farko da 'yan mishan suka gina a 1845, yana nan a bakin ruwa.

Teku kuwa ba kogin garinku ba ne, wannan a ji shi da kunnen basira. Yaron da ya iya iyo a Kogin Kaduna ko a madatsar Tiga bai iya komai ba a nan. Akwai igiyar da take ja ta ƙarƙashi; ruwa iya gwiwa yana iya kwashe ƙafar ƙato, kuma kusan kowane bikin Sallah ko Kirsimeti sai an ji labarin wanda ya tafi. Mu tafiya muka zo yi. A bi jiƙaƙƙen rairayi inda ya yi ƙarfi, a bar tazara tsakani da inda ruwa ke fashewa, kada a juya wa teku baya, kada a saki hannun yaro. In za a shiga kwale-kwale, a sa rigar kariya, mai jirgin da ba shi da ita a bar shi. A tsakiyar damina, wajen Yuni da Yuli har zuwa Agusta, ruwan yakan yi fushi. Ambaliyar da ta afka wa bakin ruwan Kuramo a Agustan 2012 ta ci rayuka. A fita rukuni-rukuni, kowa da katin shaidarsa a aljihu, don mun san irin tambayoyin da ake yi wa mai doguwar riga da hula a wasu shingayen. Mai gudun ganin tsiraici da kiɗan da ke cika bakin teku da yamma, ya je da sassafe. A lokacin ba kowa sai masunta da ke jan koma da masu share shara. Ledar fiya-wata da robar lemo kuma, duk wanda ya zo da su ya koma da abinsa. Ba za mu nemi a buɗe mana wuri ba mu kuma bar shi juji.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake ɗaga murya. Wuraren nan ƙarewa suke yi, muna kallo.

Ku tambayi dattawan Obalende labarin Bar Beach. Ranar Lahadi da ranar Sallah nan talakan Legas yake zuwa, ba ƙofa, ba tikiti. Masu dawakai, masu suya, masu hoto, duk ana cin abinci a wurin, kuma 'yan Arewa suna cikin masu ci. Yau babu shi. Matsalar ta samo asali tun farkon ƙarni na 20, lokacin da Turawa suka jera ganuwar duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa. Rairayin gaɓar nan daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Ganuwar ta tare shi a ɓangaren yamma, sai teku ya shiga cin na gabas ba mai mayar masa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Maganin da aka kawo shi ne Eko Atlantic: tun wajen 2008 aka fara cike tekun da rairayi, aka yi katangar dutse mai tsawon kilomitoci, aka yanka filaye. A faɗi gaskiya, katangar ta kare unguwar Victoria Island daga ambaliya. Amma inda talaka yake shan iska kyauta ya koma filin da ko a mafarki ba zai saya ba, kuma ba a ba shi madadi ba.

Daga nan abin ya ci gaba. Mafi yawan bakin tekun da ke yankin Lekki yanzu a bayan shinge yake, kowane da mai karɓar kuɗi a ƙofa, wani wurin har da kuɗin ajiye mota da na shigo da abinci. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyar ya yi lissafi ya ga kuɗin cefanen mako ne, sai ya haƙura. A Tarkwa Bay, inda ruwa yake da sauƙi saboda ganuwar ta kare shi, sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna a Janairun 2020 bisa zargin fasa bututun mai. A 2024 kuma aka fara babban titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, kuma a watan Afrilun shekarar katafilar aikin ta shiga wurin shaƙatawa na bakin ruwa da ake kira Landmark. Ba ni da faɗa da titi. Mu 'yan kasuwa ne, mun fi kowa sanin amfanin hanya. Tambayata ɗaya ce: in titi mai layi da yawa ya shiga tsakanin gari da teku, ta ina mai ƙafa zai ƙetara, kuma in ya ƙetara, ina zai taka?

Wasu ƙasashe sun amsa wannan tambaya da doka. A Faransa, tun 1976, duk mai fili a bakin teku dole ya bar faɗin mita 3 don masu tafiya a ƙafa, komai arzikinsa. Yankin Wales na Birtaniya ya buɗe hanyar ƙafa da ta bi gaɓarsa kaf a 2012, mil 870. Ingila ta yi dokarta a 2009, ta shiga haɗa hanyar da za ta zagaye gaɓarta mai kusan mil 2,700. Alhazanmu da suka taɓa yin yamma a bakin tekun Jidda sun ga iyalai a baje a kan darduma, tsofaffi suna takawa a kan daɓe, ba wanda ya tare su a ƙofa. Mu ma ba mu rasa madafa ba. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, domin amfanin dukan 'yan Najeriya. Dukansu, har da mai shayin Ijora. Mita uku muke nema a bakin ruwa, da mashiga ta kyauta a tazarar da mutum zai iya takawa, da gadar ƙetare titi, da inuwa, da benci, da banɗaki mai ruwa. In an iya cike teku a gina birni, wannan ba zai gagara ba.

Kuma kada mu yi wannan magana da muryar baƙo mai jin kunya. Hausawa suna cikin garin nan tun kafin a haɗa Najeriya. Rundunar da Gwamna Glover ya kafa a 1863, wadda ake kira da sunan Hausawa, ita ce tushen sojan ƙasar nan. Cinikin goro da jirgin ƙasa su suka kafa zangon Agege. Tumatir da albasa da naman da Legas take ci ta hannunmu suke biyowa. Wanda yake ciyar da gari yana da bakin tambayar inda 'ya'yansa za su sha iska. Ba mu kaɗai abin ya dama ba: Bayeraben Mushin, da Ibo mai shago a Alaba, da masuncin Egun da aka tasa daga bakin ruwa, duk ciwo ɗaya ne. A nemo su, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranku ya daɗe sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, ku ne 'yan siyasa suke nema idan zaɓe ya matso. In sun zo wannan karon, bayan maganar kasuwa da ta tsaro, ku ƙara musu da ta lambu da bakin teku, a rubuce, a sa hannu. Shugabannin kasuwar Mile 12 da na mahautan Oko-Oba, ku aika takarda ga LASPARK da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, ku nuna musu kangon filin da ke unguwarku wanda ya zama matattarar shara, ku ce a dasa itatuwa a yi hanyar ƙafa. Malamai, Allah ya gafarta muku, minti biyu bayan karatun magariba sun isa a tuna wa mutane cewa jiki amana ne. Malaman Islamiyya, ku sa fita ɗaya a jadawalin zangon karatu. Iyayenmu mata masu ƙungiyoyi, ku tsayar da rana, ku gaya wa masu gida tun da wuri. Kai kuma maigida, in an tambaye ka, kada ka tsaya a "Allah ya kiyaye hanya", tashi za ka yi ka raka su.

Ranar Asabar mai zuwa, in an idar da sallar asuba, kada a koma barci. Ka ƙwanƙwasa wa maƙwabcinka ƙofa, ku cika gora da ruwa, ku nufi lambun da ya fi kusa da ku. Mako na gaba ku ƙara mutum biyu. Kafin Sallah ta zagayo, a haɗa kuɗin motar Badagry.